Me ya sa layin bayan kantar kicin yake tsagewa?

Ka tambaye ni dalilin da ya sa simintin da ka cike layin da ke tsakanin kantar kicin da tayil ɗin bango ya tsage, alhali sauran layukan tayil suna nan garau. To yaro, kwaɓinka ba shi da laifi. Wurin ne ba na siminti ba.

Tayil biyu da ke manne a bango ɗaya tare suke zaune, shi ya sa simintin cike layi yake riƙe su. Ita kuwa kanta a kan kabad take, kabad kuma katako ne, yana kumbura da laima yana tsukewa da zafi, ga nauyin kaya da ake ɗora masa. Siminti ba ya miƙewa, ko motsin rabin milimita ya isa ya fasa shi. Saboda haka duk inda abu biyu daban suka haɗu, ko bango ya haɗu da bango a kusurwa, ko bango da daɓe, ko gefen kwamin wanke-wanke, silikon ake sa wa, wato abin cike layi da ake matsowa daga kwalba, wanda idan ya bushe yake miƙewa kamar roba.

Fara da kankare abin da ke ciki tas. Idan tsohon silikon ne, kada ka bar ko ɓurɓushi, domin sabo ba ya kama tsoho da kyau. Goge da sifirit, ka bari ya bushe ƙayau.

Sai ka auna ramin. Idan faɗinsa ya wuce milimita 6, ko yana da zurfi, tura igiyar soso a ciki tukuna, ka bar wa silikon zurfin kamar rabin faɗin ramin. Wannan soson ba don tsimin kaya kawai ake sa shi ba, kuma nan ne masu aiki da yawa suke kuskure. Silikon gefe biyu ake so ya kama, sama da ƙasa, tsakiyarsa ta zama a sake. Idan ya manne har da bayan ramin, ba shi da wurin miƙewa, da an samu motsi sai ya yage ko ya saki gefe ɗaya, ruwa ya samu hanya.

Manna salatif na takarda a gefe biyu. Yanke bakin kwalbar silikon a karkace daidai faɗin layin, ka ja bindigar matsa shi a tafi ɗaya ba tsayawa. Shafe da yatsa ko robar shafawa sau ɗaya, kana dannawa ciki, ka cire salatif nan take, don cikin kamar minti 10 samansa yake fara yin fata. Kada ruwa ya taɓa shi sai bayan awa 24. Kwalba mai mililita 300 tana cike kimanin mita 8 a ramin milimita 6 faɗi da zurfi.

Ka kula da irin silikon da za ka ɗauko. Mai warin tsami yana iya ɓata mabul da sauran dutse irinsa, yana kuma cin wasu ƙarafa, don haka a kan dutse nemi marar tsamin. A wurin ruwa, wanda aka rubuta yana hana fumfuna.

Tsakanin kabad da bangon da za a yi wa fenti kuwa, silikon ba ya karɓar fenti, sai ka sa abin cike layi na akirilik, wanda yake karɓar fenti. Idan ramin ya kai santimita 1, kada ka yi ta ɗura masa, abin muni zai yi. Yanko siririn katako, ka zana karkatar bangon a jikinsa, ka fere shi ya zauna daidai, sannan ka bi bakinsa da akirilik ɗan kaɗan.