Amsar tambayarka kan ɗaukar buhun ƙwallo

Wa'alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun daren jiya amma ido ya ƙi, sai yanzu bayan asuba na samu zama. Ka ce tunda gwiwar nan ta hana ka buga ƙwallo kana so ka koma koyarwa, ka je wajen kocin ƙungiyarku ya ce sai dai ka fara da ɗaukar buhun ƙwallaye da kula da ƙananan yara a tirenin ɗin yamma, kai kuma kana ganin raini ne tunda a fili ka fi shi taka leda nesa ba kusa ba, shi ne kake tambaya wai wannan al'adar ta sai ka yi wa wani yaro kafin ka zama mai gidan kanka tamu ce ta Hausawa muka jawo ta cikin ƙwallo, ko Turawa ma suna yi.

Suna yi mana, kuma a Italiya har suna gare ta, gavetta suke ce mata, asalin kalmar kwanon cin abincin ƙaramin soja ne, wato sai ka ci tuwo a kwanon kurtu kafin a ɗaura maka igiya. Ban da wannan kuma suna da makarantar kociyoyi a Coverciano a birnin Florence tun 1958, komai sunanka sai ka zauna a aji, a babban mataki har sai ka rubuta kundi ka kare shi gaban malamai kamar ɗan jami'a.

Bari in baka labarin Carlo Ancelotti tunda ku yaran yanzu a tsoho mai tauna cingam a bakin layi kuka san shi. Ɗan manomi ne daga wani ƙaramin gari Reggiolo, haihuwar 1959, ya fara a Parma suna rukuni na uku, 1979 Roma ta saye shi, ɗan tsakiya ne mai kai ba mai gudu ba. Kuma irin ciwonka ne ya dame shi, gwiwa. Ita ta hana shi zuwa kofin duniya na 1982 wanda Italiya ta ɗauka, ita ta sake hana shi buga wasan ƙarshe na kofin Turai a 1984 da Liverpool ta ci Roma da fenareti a cikin gidansu, ka ga kenan ba kanka farau ba. Duk da haka ya ci Seriya A, wato babban lig ɗin Italiya, da Roma a 1983, daga baya kocin Milan Arrigo Sacchi ya nace aka kawo shi ƙungiyar a 1987 ana ta cewa gwiwarsa ta gama yawo, suka ɗauki kofin Turai sau biyu a jere 1989 da 1990, ranar da suka yi wa Real Madrid biyar ba ko ɗaya ma shi ya buɗe ragar da wata ƙwallo daga nesa. Ya ajiye takalmi 1992 yana ɗan shekara 32.

To mutum mai wannan tarihin me ya yi? Ya bi Sacchi ya zama mataimakinsa a ƙungiyar ƙasa shekara uku cur. Kuma ka san waye Sacchi, mutumin da bai taɓa buga ƙwallon kuɗi ba, takalma yake sayarwa kafin ya shiga koyarwa, da aka yi masa gorin haka ya ce shi bai san sai mutum ya taɓa zama doki kafin ya iya hawan doki ba. Wannan ita ce amsar maganarka ta na fi shi iya ƙwallo, ai Ancelotti ma ya fi Sacchi iyawa sau dubu.

Ranar 5 ga Yuli 1994 ba na mantawa, wasan Najeriya da Italiya a kofin duniya, a ƙofar gidan kakanka muka kalla, talabijin baƙi da fari an jona da batirin mota, mutum ya fi hamsin a kan tabarma wasu a tsaye. Amunike ya ci mana, aka ba Zola na Italiya jan kati, saura minti biyu a tashi har wani maƙwabcinmu ya aika a sayo lemo sai Baggio ya farke wa Italiya, a ƙarin lokaci ya ƙara da fenareti. Ranar ko tuwo ban ci ba. A bencin Italiya a wannan wasan Ancelotti na zaune kusa da maigidansa, babu wanda ya san da shi a cikinmu.

Da ya tashi cin gashin kansa 1995 ma ba babbar ƙungiya aka ba shi ba, Reggiana ce a rukuni na biyu, wadda Oliseh namu ya bari a shekarar bayan ta faɗa ajin 'yan dagaji. Farkon kaka wasa ya yi ta wucewa ba nasara har ana raɗe-raɗin kora, ƙarshe dai ya hauro da su.

Amma ga inda nake so ka buɗe kunne, don ba zan ce maka zama ƙarƙashin maigida alheri ne zalla ba. Da ya koma Parma 1996 ya tafi da karatun Sacchi kamar hadda, huɗu a baya huɗu a tsakiya biyu a gaba, ba ƙari ba ragi, duk wanda bai shiga wannan layin ba sai ya nemi wani gidan. Haka ya rasa inda zai sa Zola har aka sayar da shi Chelsea, ya je Ingila a kakar farko 'yan jarida suka zaɓe shi gwarzon shekara. Shekara ta zagayo Baggio da kansa yana son zuwa Parma, Ancelotti ya ce ba shi da gurbin mai lamba goma, wato mai shirya wasa a bayan 'yan gaba, Baggio ya wuce Bologna ya zuba ƙwallo 22 a kaka ɗaya. Ancelotti kansa daga baya ya sha faɗa cewa kuskure ya yi. Sai da ya je Juventus 1999 ya tarar da Zidane sannan ya gane ashe riga ake yanka wa mutum ba mutum ake yanka wa riga ba. Kuma can ma bai sha da daɗi ba, magoya bayansu ba sa ƙaunarsa don tsohon ɗan Roma da Milan ne har alade suke ce masa, sau biyu yana ƙarewa na biyu, na shekarar 2000 ma a wasan ƙarshe cikin ruwan sama a Perugia kofin ya suɓuce Lazio ta ɗauke, 2001 suka sallame shi.

Ni da nake maka wannan surutun shekara biyu na yi a shagon ɗinki ban taɓa keke ba, daga hura gawayin dutsen guga sai sa maɓalli sai sayo wa maigida koko da ƙosai, ina jin haushi kamar in mutu. Amma a wannan zaman na koyi abin da almakashi ba ya koyarwa, yadda ake yi da mai kayan da ya zo daren sallah yana zagi, yadda ake gaya wa Alhaji cewa tumbinsa ya ƙaru ba tare da an faɗa ba. Kuma da na buɗe nawa shagon na yi shekaru ina yanka wuyan riga irin na maigidana ko da yayinsa ya wuce, sai da masu kaya suka fara guduna na farka. Cutar Ancelotti ce sak.

Sauran labarin ka sani, Milan daga 2001 zuwa 2009, ya mayar da ɗan wasansa Andrea Pirlo baya gaban masu tsaron gida ya zama abin da ya zama, kofin zakarun Turai 2003 da 2007, a tsakani kuma abin kunyar Istanbul 2005 da suna cin Liverpool uku ba ko ɗaya aka farke aka ƙwace. Sai uku da Madrid, 2014 da 2022 da 2024, biyar kenan, ga lig a Italiya da Ingila da Faransa da Jamus da Sifaniya, 2025 Brazil ta ɗauke shi.

Pirlo ɗin nan shi ne wanda ya tsallake kwanon kurtu. A 2020 Juventus ta ba shi ƙungiyar matasanta, ko wasa ɗaya bai ja ba bayan kwana tara aka ɗora shi a kan manya, lokacin ko takardarsa ta Coverciano bai gama karɓa ba. A yi masa adalci ya ci kofi biyu, amma ƙungiyar da ta ɗauki lig sau tara a jere da ƙyar ta ƙare ta huɗu, kaka ɗaya aka kore shi, daga nan sai Turkiyya sai Sampdoria a rukuni na biyu, wato abin da ya tsallake a farko shi ya dawo ya yi a ƙarshe. Kuma duk Italiya wa ya fi Pirlo ganin fili?

Don haka ni dai shawarata ka je ka ɗauki buhun, yaran nan da kake rainawa su za su nuna maka ko ka iya bayani ko ƙafarka ce kawai ta iya. Amma kar ka shiga a makance, a al'adarmu ma ai yaron shago ana yaye shi, maigidan kirki har keke yake sai masa ya sa masa albarka, wanda ya riƙe yaro shekara goma ba sallama wannan ba al'ada yake bi ba zalunci yake. Ka same shi cikin ladabi ba a gaban 'yan wasa ba, ka tambaye shi kaka nawa yake ganin za ka yi, kuma zai tsaya maka in lokacin kwas ɗin lasisi ya zo. In ya yi ta kame-kame ka faɗa min, ranar Juma'a in Allah ya kai mu ina shigowa sai mu je tare in gan shi.

Ka gaida mamanka, kuma ka daina hawa mashin da gwiwar nan ba ɗauri, an faɗa min.