Tuwon da Ba a Saye a Hawan Mambila

Ɗana, saƙonka ya iso, mun gode Allah da ya fito da ku lafiya. Innarka ta ce in tambaye ka ko sanyin bai kama maka ƙirji ba.

Ka ce ƙasa ta zaftaro ta toshe hanya a saman Mayo Selbe, kuka kwana biyu kafin a buɗe. Wata baiwar Allah daga rugar da ke gefe ta kawo muku tuwon masara da kindirmo, ka ciro dubu biyu ka ce "nawa ne?", ta ɓata rai ta juya. Shi kuwa mai gurmin da ke cikin fasinjoji, wanda bai ciyar da kowa ba, an yi ta liƙa masa yana turawa aljihu. Kana tambaya wace irin al'ada ce wannan, mai abinci ta ƙi kuɗi, mai waƙa ya karɓa.

To, ka yi kuskure, amma irin na wanda ya tashi a birni. Mai shayin da ya kafa tebur a Maisamari ko Nguroje sana'a ya fito, ka sha ka biya. Wadda ta ɗauko ƙwarya daga ɗakinta cikin dare ba talla ta kawo ba. Ta ga 'yan hanya, kuma ɗan hanya yana da haƙƙi ko da attajiri ne a garinsu. Yana cikin mutum takwas da aka lissafa wa zakka a Suratut Tauba, aya ta 60. Da ka ce "nawa ne?" ka mayar da ladanta ciniki, a gaban mutane kuma. Bafulatana ce, da kunyarta. Da ka mare ta da ya fi mata sauƙi.

Ni ma na kwana a hawan nan. A 1984 ne, ana Jihar Gongola, tun ba a yanke Taraba ba, ina yaron mota a wata Marsandi 911. Mun ɗauko gishiri da kananzir za mu Gembu. Ka san sunan wurin, Hawa Biyu da Sisi. Tsofaffi sun ce ladan ɗan dako ke nan a zamanin sule, in ya hau da kaya a ka. A wata kwana kulocinmu ya ƙone. Na diro da gudu na cusa waigi, hannuna na rawa, don bayanmu rami ne wanda ba ka hango ƙarshensa. Motarmu ta tare hanya, Land Rover uku suka tsaya a baya. Da magariba hazo ya sauko har ba ka ganin wanda ke kusa da kai, ga ni da riga shara-shara, ɗan Kano da bai san ƙasar nan tana da wurin da ya haura mita 1,500 ba.

Wani dattijo ya fito daga cikin hazon da itace a kafaɗa. Bai tambayi ko mu su wane ne ba, ya hura wuta ya koma. Can sai ga yaransa da nono da dafaffen makani.

A cikin fasinjojin Land Rover akwai wani ɗan koli mai kukuma a jaka. Ka lura da abin da ya fara yi, don nan amsarka take. Bai taɓa tsirkiya ba sai da ya ja ɗaya daga cikin yaran dattijon gefe ya tambaye shi sunan mahaifinsa, sunan kakansa, da inda suka taso kafin su hau tsaunin. Ya gasa fatar kukumar a bakin wuta don raɓa ta sa ta saki, ya goga ƙaro a izgar, sannan ya fara. Ya ambaci dattijon, ya ambaci ubansa, ya kira shi mai wuta a inda ba gari, ya lissafa fararen shanunsa kamar ya taɓa kiwonsu. Mu muka zama 'yan amshi, ni ina buga galan. Dattijon ya kau da kai, ya ja rawani ya rufe baki, amma bai tashi ba. Maigidana ya miƙe ya manna wa mai kukuma naira ɗaya a goshi, sauran suka bi.

Wa kake jin aka biya a nan? Mu ba mu da bakin da za mu gode wa mutumin nan yadda ya dace, shi kuma ba zai karɓi kuɗinmu ba. Makaɗi ne ya ara mana baki. Kuɗin da ya shiga aljihunsa godiyarmu ga dattijon ce ta bi ta hannunsa, kuma sunan da ya sa a waƙa zai sauka da shi har Serti da Bali, duk tashar da ya zauna. Shi ya sa nake son in ji: mai gurminku ya ambaci matar nan, ko direbobi kawai ya yi ta wasawa don su ne masu kuɗi? In bai tambayi sunanta ba, maroƙi ne kawai, ba ku sami makaɗi ba.

Na san abokanka za su ce kiɗa ba kyau. Ba zan ja da malamai ba. Abin da na gani shi ne da lokacin isha ya yi an ajiye kukuma, maigidana ya ja mu salla a kan tamfol, kuma waƙar ce ta hana mutum goma sha zama kowa a motarsa yana zargin ɗan'uwansa. Akwai 'yan Mambila biyu a cikinmu da ba su jin Hausa sosai, amma amshi bai gagare su ba. Can cikin dare ɗan dattijon ya ciro sarewarsa ta kiwo, mai kukuma ya yi shiru ya bar masa fili.

Ka kuma tuna, bayan rikicin manoma da makiyaya da aka yi a tsaunin a 2017, ba ƙaramin abu ba ne mace ta fito da dare wurin baƙin da ba ta sani ba.

Maigidana bai ba dattijon ko kwabo ba. Da muka juyo daga Gembu ya tsaya daidai kwanar, ya sa na sauke rabin buhun gishiri da ƙunshin kanwa, ya ce "na shanu ne". Ka ji dabara: an ce na shanu ne, ba mai iya ƙi. Shekara huɗu ina bin hanyar, ba mu taɓa wucewa ba mu yi hon ba.

Kai ma ka ce za ka sauko ƙarshen wata. Ka sayi sukari, sabulu da ganyen shayi, ko na gonar shayin Kakara da ke tsaunin ne, ka ƙara goro. Kada ka miƙa mata a hannu, ka nemi mai gidan ka gaishe shi, ka ce tsarabar yara ce. Dubu biyun nan kuwa ka canza ta ƙanana ka ba yaran gidan, wannan tukwici ne, ba mai jin haushinsa. In ka manta kwanar, tambayi direbobin tashar Serti, sun san kowace ruga.