Ina zan samu binciken ilimin kurame kyauta a waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da yara kurame. Sau da yawa nakan ga bincike mai kyau a intanet kan dabarun koyar da su, amma da na karanta 'yan layuka sai a ce in biya kuɗi kafin in ga sauran. Ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni. Ko akwai mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri. Akwai mafita, kuma halastacciya. Tun bayan sanarwar da aka fitar daga birnin Budafes a 2002 kan buɗe bincike ga kowa, masana ke matsa wa a riƙa sakin bincike kyauta, shi ya sa maƙalar da aka kulle a shafin mujalla sau da yawa tana nan a buɗe a rumbun jami'ar marubucin.

Ki fara da Google Scholar, shafin Google na neman rubuce-rubucen bincike. Ki kwafi taken maƙalar ki liƙa a wurin nema. In kin ga alamar PDF kusa da taken, ki danna, shi ke nan. In babu, a ƙasan sakamakon akwai mahaɗin da ke jero sauran wuraren da aka ajiye ta, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma ERIC, rumbun ma'aikatar ilimi ta Amurka, wanda yake da ɗan akwatin da za ki yi wa maki ya nuna miki waɗanda cikakken rubutunsu ke ciki kawai. Mujallar Odyssey ta cibiyar Laurent Clerc da ke Jami'ar Gallaudet ma kyauta ce, kuma na fi son ta ga malamin aji, domin galibi masu aiki da yaran ne ke rubuta ta. Za ki ji ana yabon Unpaywall, 'yar manhajar da ake ɗorawa a burauza don nemo kwafin maƙala na kyauta, amma Chrome na waya ba ya ɗaukar sa, sai kwamfuta.

Ina so ki karanta da idonki, domin an daɗe ana jayayya a wannan fanni. A 1880 taron malaman kurame na duniya da aka yi a Milan ta Italiya ya yanke cewa a koyar da kurame da baki kaɗai, aka kori maganar hannu daga ajujuwa da yawa, aka cuci yara tsara bayan tsara. Sai a 2010, a Bankuba ta Kanada, taron ya janye wannan matsaya. Yanzu za ki samu bincike kan koyarwa da harshe biyu, wato yaro ya fara ƙwarewa a maganar hannu sannan a ɗora masa rubutu, da kuma dabarar da Orin Cornett ya ƙirƙiro a 1966, ta yin siffofin hannu 8 kusa da baki don sauƙaƙa karanta leɓe.

Amma a kula, ba kowace mujallar kyauta ce ke tace abin da take bugawa ba. Ki nemi sunanta a DOAJ, kundin mujallun kyauta da aka tantance, wanda aka kafa a 2003. In maƙala na ɗauke da lasisin CC BY, kina iya buga ta, ki fassara, ki raba wa iyaye, muddin kin ambaci marubucin. Wadda duk ta gagara, ki duba imel ɗin marubucin a shafin farko ki roƙe shi kwafi, da yawansu suna turowa da murna.