Gwanjo, Gwanja da Jirgin Ikko: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya: Malam, wani ya gaya mini cewa kalmar "gwanjo" daga Gwanja ta samo asali, saboda can ne fatake suke sayo tsofaffin kaya. Haka ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ba haka ba ne, kuma wannan kuskure yana damuna ƙwarai, domin na sha jin sa daga bakin mutanen da ya kamata a ce sun fi haka sani. Kamar da ke tsakanin sautin kalmomi biyu ba ta isa hujjar cewa uwarsu ɗaya ba. Gwanja ƙasa ce a arewacin Ghana ta yau, babbar kasuwarta ita ce Salaga, kuma abin da ya kai kakanninmu can goro ne. Fatake irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan tashi da ayari ƙarƙashin madugu, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su yi wata da watanni a hanya, su komo da goro a kan jakuna. Ba wanda zai sha wannan wahala don ya sayo tsumma.

Ita kuwa "gwanjo" daga Yarabanci muka aro ta, inda ake kiran cinikin da ake yi wa kaya ƙararrawa, wanda ya fi tayi ya ɗauka, da suna gbanjo. Hausa ba ta da sautin "gb", saboda haka harshenmu ya mayar da shi "gw". Ma'anarta ta farko ke nan, shi ya sa har yau ake cewa hukumar kwastan ta yi gwanjon motoci. Daga baya ne ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da tufafin da aka riga aka sa, tun da irin kayan da ake karyar wa farashi ke nan.

Abin da nake so mai tambaya ya lura da shi shi ne hanyar da kalmar ta biyo. Turawan Ingila sun karɓe Ikko, wato Legas, a 1861, garin kuma ya zama bakin da hajar Turai take shigowa. Sa'ad da layin dogo ya iso Kano a 1911, kayan da jiragen ruwa suka sauke suka riƙa hawowa Arewa tare da sunayensu, kuma da yawa daga cikin sunayen nan sun kwana a bakin Yarabawa kafin su iso gare mu. Akawu, wanda ke zaune a kantin Bature yana rubuta abin da aka auna, daga akowe ta fito. Ashana ma daga Yarabanci take. Sisi da taro, waɗanda tsofaffinmu suka yi lissafi da su kafin a kawo naira a 1973, ta wannan hanya suka bi. Don haka idan na ji ɗalibi yana cewa duk kalmar da ta zo da zamanin Turawa daga Ingilishi take kai tsaye, sai in gane bai san cewa tsakanin jirgin ruwa da kasuwar Kurmi akwai hannuwa da harsuna masu yawa ba.

Wani abin sha'awa shi ne cewa tashar Ikko ce ta taimaka wajen kashe hanyar Gwanja ɗin da mai tambaya ya ambata. Salaga ta riga ta raunana bayan Turawa sun ci Kumasi, babban birnin Asante, a 1874 da kuma yaƙin basasar da aka yi a garin a 1892, sai fatake suka gane cewa goron da ake lodawa a jirgi daga Ankara ko Sakandi, a gaɓar tekun Ghana ta yau, yakan isa Ikko cikin 'yan kwanaki. Alhassan Ɗantata, ɗan Agalawa, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan hanya ta teku kafin ya shahara da sayen gyaɗa a Kano.

Tambaya: Me ya sa muke kiran abin da ke tafiya a ruwa da na ƙasa da na sama duka "jirgi"?

Amsa: Domin na ruwa shi ne na asali. Bahaushe ya san jirgin fito a Kwara da sauran koguna tun kafin zuwan Bature, saboda haka da ya ga babban abin da ke kwasar mutane da kaya a kan dogo sai ya ce jirgin ƙasa, daga baya kuma jirgin sama. Zuwan waɗannan biyu ne ya tilasta mana ƙara "ruwa" a kan na farko don a bambanta. Maganar nan ta "jirgi ɗaya ya kwaso su", wadda ake yi wa mutanen da halinsu ya zo ɗaya, jirgin fito take nufi.

Tambaya: Mene ne bambancin huhun goro da ƙwaryar goro?

Amsa: Ƙwarya ƙidaya ce, goro ɗari. Huhu kuwa ƙunshi ne babba, wanda ake shimfiɗa wa ɗanyen ganye ta ciki, a zuba goron, a rufe, a ɗaure da igiya tamau don kada iska ta shiga. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin masu goro ya ga yadda suke kwance huhu lokaci lokaci, su tsince wanda ƙwaro ya taɓa, su yayyafa ruwa, su sake ganye, domin goro ba ya jure bushewa. Wannan lallaɓawa ita ce ta sa gajeriyar tafiyar jirgin ruwa ta fi ta ayari riba nesa ba kusa ba. Ina roƙon masu fassara su daina rubuta "buhun goro" a inda ake nufin huhu, domin buhu na hatsi da gyaɗa ne.

Tambaya: Ina neman ma'anar "kaya ya tsinke a gindin kaba".

Amsa: Karin maganar fatake ce. Da kaba ake tufka igiya, saboda haka wanda ɗaurin kayansa ya tsinke a gindinta matsala ta same shi daidai inda maganinta yake. Kuskure ne a yi amfani da ita wajen bayyana asara, kamar yadda na ji wani mai sharhi ya yi a rediyo.

Tambaya: Shin "kanti" Hausa ce?

Amsa: Ararriya ce daga Ingilishi, kuma da farko shagunan kamfanonin Turawa irin su Kamfanin Neja da John Holt kaɗai ake kira da ita, kafin ta zama sunan kowane babban shago.