Kayan Sallar 'yar shekara shida da 'yar shekara goma: wane ɗinki ya dace da su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Zariya, ina da 'ya'ya mata biyu, babbar shekararta goma, ƙaramar shida. A Sallar da ta wuce gwaggonsu, ƙanwar babansu, ita ta yi musu kaya. Da ɗinkin ya zo sai na ga doguwar rigar leshi ce mai kame jiki, da koset a ciki, ga tsaga a baya, ga takalmi mai tsini. Aka yi musu kwalliya har da gashin ido, aka ɗauki hoto aka ɗora a Facebook. Babansu ya gani ransa ya ɓaci, ya ce daga yau hijabi har ƙasa, har ƙaramar. Babbar kuma sai kuka take, wai ƙawayenta duk irinsa suke sawa. Na rasa wanda zan bi.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, maigidanki yana da gaskiya da ransa ya ɓaci, sai dai maganin da ya kawo ya yi wa ƙaramar yawa. Ita ma gwaggonsu kada ki riƙe ta a rai. So ne ya sa ta kashe kuɗinta, abin da ta ga ana yayi shi ta bi.

Na daɗe ina jinyar yara, kuma duk rigar da aka nuna mini ta yarinya, abin da nake fara tambaya shi ne: za ta iya gudu a cikinta? Za ta zauna a tabarma ta ci abincin Sallah ta ƙoshi? Idan fitsari ya matse ta a gidan da aka je yawon Sallah, za ta iya shiga banɗaki ita kaɗai, ko sai an nemo mai kwance mata igiya? Rigar da kika kwatanta ta faɗi a duka ukun. Koset an yi shi ne don ya matse ƙugun babbar mace ya ɗago ƙirjinta. 'Yar shekara shida ba ta da ko ɗaya daga ciki, cikinta ma a ɗan ture yake, haka halittar yara take. To sai tela ya cusa soso a gaba, ya ɗaure tsakiya, ya ƙera mata surar da Allah bai ba ta ba tukuna, sannan a kira idon jama'a zuwa wurin. Wannan shi ya fi damuna, fiye da tsagar ma. Yarinyar da tun tana aji ɗaya take jin ana cewa "kai, ga diri", tana koyon cewa jikinta abin kallo ne, kuma da shi ake samun yabo.

Ga kuma lafiyar jiki. Ƙaramar Sallah ta faɗo 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025, wato tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Leshin roba mai shafin roba ba ya shan gumi, shi ya sa bayan Sallah za ki ga wuya da hammata da bayan yara sun feso da ƙurajen zafi. A ƙasa kuma abin ya fi haka. Fatar gaban yarinyar da ba ta balaga ba siririya ce, domin sinadarin da ke ƙara mata kauri bai fara aiki sosai ba. Matsattsen wandon roba, ga gumi, ga sabulu mai ƙamshi, sai ƙaiƙayi da ja da raɗaɗin fitsari su biyo baya. Iyaye su ce ciwon sanyi ne, a shiga sayen magani a kemis, alhali sau da yawa kamfan auduga mai sakewa, da wanki da ruwa zalla, da koya mata tsarki daga gaba zuwa baya sun wadatar. Amma in kika ga jini ko ruwa mai wari, kada ki tsaya, ki kai ta asibiti.

Takalmi mai tsini ba ya buƙatar dogon bayani: ƙashin ƙafarta bai gama ƙwari ba, kuma yaro ba ya tafiya a hankali. Gashin ido da gam ake manna shi, a gefen idon yarinyar da za ta murza da hannu. Baƙin lallen nan mai kamawa nan take galibi akwai sinadarin rinin gashi a ciki, yana iya tayar da fata ta yi bororo ta bar tabo. Jan lalle na gargajiya ya fi aminci. Ko kwallinmu na dutse ina jan kunne a kansa. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida da iyayensa 'yan Nijeriya ke sa wa kwalli, da aka auna kwallin aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ji abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu raina wannan ba.

Yanzu ga maganar babansu. Malamai sun yi bayani cewa hukuncin sutura da ya zo a Suratun Nur aya ta 31 da Suratul Ahzab aya ta 59 yana hawa kan mace ne idan ta balaga. Kafin nan koyo ne, kamar yadda aka ce a umarci yara da sallah suna shekara bakwai, tun ba ta wajaba a kansu ba. Ado ga ƙaramar yarinya kuma ba laifi ba ne. Ya zo a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an kawo masa wata 'yar riga mai zane, ya sa aka kira Ummu Khalid tana ƙarama, ya saka mata da hannunsa, ya yi mata addu'a, yana nuna zanen yana ce mata ya yi kyau da harshen Habasha, ƙasar da aka haife ta. Saboda haka ki bar ƙaramar ta yi gayunta: riga mai faɗi ta atamfa ko shadda, mai launi, da ɗankwali, da 'yan warwaro. Hijabinta na Islamiyya da na sallah ya tsaya iya gwiwar hannu ko ƙugu, mara allura. Wanda ke jan ƙasa haɗari ne gare ta. Takan taka shi ta faɗi, yana shiga tayar babur, kuma yadin roba in ya kusanci murhu narkewa yake ya manne a fata. Ki faɗa wa babansu wannan a natse, ina kyautata zaton zai gane, tunda tsaron 'yarsa yake nema.

Babbar ita ce ke bakin gaɓa. Yawancin 'yan mata suna fara ƙirgar dangi tsakanin shekara 8 da 13, al'ada kuma takan biyo bayan kamar shekara biyu. Wato ko ta fara, ko tana dab da farawa. Ki saya mata shimi ta auduga tun kafin wani ya yi mata magana a waje, ki sa a sakar mata riguna ta ƙirji, ki saba mata da gyale ko hijabi in za ta fita. Yadda za ki faɗa mata ya fi yadin muhimmanci. Ku shiga ɗaki ku biyu, ki ce mata girma ne ya zo, kema haka kika yi. Kada a yi mata tsawa gaban ƙanne da baƙi, kada a ce "dubi yadda kika fito da jiki". Na sha ganin 'yan mata masu tafiya a ranƙwafe, kafaɗa a dunƙule, don an sa musu kunyar ƙirjinsu tun ranar da ya fara fitowa. Kukan da take yi kan ƙawaye kuma na gaske ne a wurinta, a shekarunta fita daban ciwo ne. Ki ba ta zaɓi a cikin iyakar da kika gindaya: ki tafi da ita kasuwa ta zaɓi launin atamfarta, ki ware salo biyu ko uku da kika yarda da su ta ɗauki ɗaya.

Akwai abin da nake roƙon ku duka biyu kada ku yi, wato ku ɗauka dogon hijabi ya gama tsare su. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na fuskantar cin zarafi ta hanyar lalata kafin ta kai shekara 18, kuma galibi mai yin wanda ta sani ne, ba baƙo ba. Ana taɓa yara cikin kayan makaranta, cikin hijabi, cikin gida. Laifin na mai yi ne. Idan aka tarbiyyantar da yarinya a kan cewa shigarta ce ke jawo mata mugun abu, ranar da wani ya taɓa ta sai ta yi shiru, don ta ɗauka ita ta jawo. Ki koya musu su biyun cewa abin da kamfai da shimi suka rufe nasu ne, ba mai gani ba mai taɓawa, kowane ne shi, kuma duk abin da ya faru in suka faɗa miki ba za ki dake su ba.

Hotunan, ki kira gwaggonsu ki fara da godiya, sannan ki roƙe ta ta cire su. Hoton da ya hau intanet ba ki san wayar wa zai faɗa ba. Rigunan kuma kada a jefar, kuɗi ne. Ki mai da su wurin tela ya zare koset ɗin da soson, ya rufe tsagar, ya saki gefe, in da hali ya canja shafin zuwa na auduga. Ɗinki na gaba ki je da kanki ranar awo, ki ce ya bar sararin da tafin hannunki zai shiga tsakanin rigar da jikin yarinyar, ya kuma bar ninki a ƙasa da gefe. Babbar tana shiga shekarun da za ta miƙe da sauri, rigar da aka ɗinka mata cif a Ƙaramar Sallah ba lallai ta shige ta a Babba ba.