Ga ɗan'uwan da zuciyarsa ta ƙi fasfon Jamus

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka jiya da dare, inda ka ce ka shekara bakwai a Jamus, an ce ka cancanci neman zama ɗan ƙasa, amma duk sanda ka ɗauko takardun sai ka ji kamar za ka ci amanar Najeriya. Bari in ba ka nawa labarin, ka ɗauki abin da ya yi maka.

Ni a Hamburg nake tun 2009. Na daɗe da cika sharuɗɗan, amma na ƙi nema, domin a yadda na fahimci dokar da, sai ka ajiye ƙasarka ta haihuwa kafin su ba ka tasu. Na taɓa tuntuɓar Hajiyarmu da maganar a waya. Ta yi shiru, can ta ce, "To in na mutu, da biza za ka zo jana'izata?" Daga ranar ban sake tayar da zancen ba.

Kai Allah ya hutar da kai wannan. Tun 27 ga Yunin 2024 Jamus ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, ta kuma rage shekarun jira daga takwas zuwa biyar. Ta ɓangaren gida ma, sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bar wanda aka haifa ɗan Najeriya ya karɓi wata ƙasa ba tare da ya rasa tasa ba. Koren fasfonka na nan a aljihunka, jan na Jamus ne kawai zai zo ya same shi.

Sauran aikin ba abin tsoro ba ne: Jamusanci matakin B1, wato matsakaicin iyawa, jarrabawa mai tambaya 33 da ake so ka ci 17, kuɗi Yuro 255, da shaidar kana ciyar da kanka da iyalinka. Jiran ne mai cin rai. Tawa ba ta fito ba sai bayan zaɓen Fabrairun 2025, ina ji ina gani aka yi ban da ni.

Ranar karɓa na sa babbar riga da hula zanna, da gangan. Na zaci zan yi kuka ko in ji wani nauyi. Abin da na furta bai fi jimla ɗaya ba, cewa zan mutunta kundin tsarin mulkinsu da dokokinsu, ba kuma zan yi abin da zai cutar da ƙasar ba. Na duba, babu abin da ya taɓa addinina ko iyayena a ciki. Ai ko ba rantsuwa, wanda ya ci gishirin gari shekara goma sha shida bai kamata ya cuce shi ba. Na fito na hau jirgin ƙasa na koma aiki.

Inda abin ya soke ni daban ne. Da muka je Kano hutu, Hajiya ta jawo ƙaramin ɗana tana yi masa wasa, "Maigidana, me ka kawo mini?" Yaro ya juyo ya tambaye ni da Jamusanci me take cewa. Hajiya ta yi dariya, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita. Wannan ɓarnar ba fasfo ya yi ta ba, ni na yi ta, tun ina riƙe da kore shi kaɗai ina taƙama. Gajiya ce ta sa nake amsa wa yara da harshen da suka yi mini magana da shi. Yanzu mun kafa doka, da an zauna cin abinci babu Jamusanci. Suna gunaguni, amma sun fara tsinta.

Kada kuma ka ɗauka jan fasfo zai sa a daina tambayarka daga ina ka fito asali. Har gobe ana tambayata. A gida kuma 'yan'uwa sun laƙaba mini "Bajamushe", farashin komai ya tashi a kaina. Amfaninsa dai a fili yake: ba layin sabunta izinin zama, kana iya aiki a ko'ina cikin Tarayyar Turai, kana da ƙuri'a.

Shawarata, ka nema. Amma kada ka bar koren ya mutu, ka tanadi lambar NIN ɗinka don sabuntawa, kuma da shi za ka shiga Najeriya. In kana can, hukuma ɗan Najeriya ta ɗauke ka, Jamus ba ta da ta cewa sosai a kanka. Sannan ka sanar da mahaifanka da bakinka kafin su ji a bakin wani. Ni da na gaya wa Hajiya, abu ɗaya ta tambaya, ko har yanzu zan iya zuwa ba biza. Na ce eh. Ta ce Allah ya sanya alheri, ta koma zancen kuɗin taki.