Amsa: ƙarancin bitamin D ne ya jawo wa yarona cutar Kawasaki?

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce likita ya tabbatar cutar Kawasaki ce (cutar da ke kumbura jijiyoyin jini, galibi a jikin ƙananan yara), gwajin jini kuma ya nuna bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa, shi ne kike tambaya ko ƙara masa bitamin zai wadatar.

Ba zai wadatar ba. Gaskiya ne wasu bincike sun samu yaran da ke da wannan cuta da ƙarancin bitamin D, kuma bitamin ɗin yana da hannu wajen daidaita garkuwar jiki. Amma haɗuwar abu biyu a jikin yaro ɗaya ba ta nuna ɗaya ne ya haifar da ɗayan. Tun 1967 da likitan Japan Tomisaku Kawasaki ya bayyana cutar, har yau ba a gano ainihin sanadinta ba.

Abin da nake ji miki tsoro shi ne zuciyarsa. Zazzaɓin kwana biyar, jan ido babu kwantsa, leɓe ya tsattsage, harshe ja jawur, tafin hannu ya kumbura, duk alamun kumburin jijiyoyin jini ne, har da masu kai wa zuciya jini. Idan ba a yi magani ba, kusan yaro ɗaya cikin huɗu jijiyar zuciyarsa kan yi faɗi fiye da kima. Maganin da ke rage haɗarin shi ne IVIG (sinadaran garkuwar jiki da ake ƙara wa yaro ta jijiya), cikin kwana 10 na farko da fara zazzaɓin, tare da asfirin bisa umarnin likita. Don Allah ki matsa a yi masa hoton zuciya.

Bitamin D kuwa, a ba shi gwargwadon da likita ya rubuta kawai, domin idan ya yi yawa yana taɓa ƙoda.